Hotunan sarauniyoyi da matan fada na da: tambayoyi da amsoshi kan yadda zane ke nuna mulki

Duk wanda ya taɓa leƙa gidajen tarihi na Turai, ko da ta waya ne, ya ci karo da irin waɗannan hotuna: mace a tsaye ƙiƙam, fuska fari fat babu fara'a, wuya da ƙirji sun sha lu'ulu'u, riga ta cinye rabin allon. Mutane kan ce duk kamarsu ɗaya, kuma da gaskiyarsu. Waɗanda suka biya kuɗin zanen ba su damu ƙwarai da kamannin fuska ba. Abin da ya dame su shi ne mai kallo ya san ko 'yar waye, matar waye, uwar waye, da kuma wanda ke da ta cewa a gidan. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ake nema da irin wannan zane tun farko?

Kafin zuwan kyamara a wajajen 1839, yawancin talakawa kan rayu har su mutu ba su taɓa ganin mai mulkinsu ido da ido ba. Zane ne ke zuwa inda ƙafar sarauniya ba ta zuwa. Ana rataye shi a zauren baƙi, ana aika wa sarakunan ƙetare, ana ba jakadu kyauta, manyan fadawa kuma suna sayen kwafi su kafa a gidajensu don a san suna tare da mai gida.

Wani tsohon misali da aka fi sani shi ne na Theodora, matar Sarki Justinian na Rumawan Gabas, wanda aka jera da ƙananan duwatsu da gilasai masu launi a bangon cocin San Vitale da ke Ravenna ta Italiya, wajajen shekarar 547. Theodora ba ta taɓa taka Ravenna ba. Ba da jimawa ba ne sojojin mijinta suka ƙwace garin, sai aka kafa siffarta a bango, da kambi mai zubo da lu'ulu'u har kafaɗa, da alkyabba mai launin shunayya wanda gidan sarauta kaɗai ke sawa, da kofin zinariya a hannu. Marubutan zamaninta sun ce mahaifinta mai kiwon dabbobin wasa ne, ita ma 'yar wasan dandali ce kafin aure. A bangon nan babu ko ɗigon wannan labari.

Idan na tsaya gaban hoton, ina zan fara dubawa?

Fara da tufafi, domin nan aka zuba kuɗin. Dubi hoton Eleonora ta Toledo, matar Cosimo de' Medici mai mulkin Florence ta Italiya, wanda Bronzino ya zana wajajen 1545. Tana zaune, ɗanta namiji na gefenta, hannunta a kafaɗarsa. Rigarta farin siliki ce mai nauyi, an yi mata aikin baƙin karammiski da zaren zinariya, da siffar 'ya'yan rumman a baje a kai. Mai zanen ya bi zaren nan ɗaya bayan ɗaya, har kana iya ganin inda ya yi tudu da inda ya kwanta. Gashinta na cikin ragar zinariya mai lu'ulu'u a kowace mahaɗa, irin ragar kuma ta rufe kafaɗunta. Fuskar ce kawai ba ta ce komai ba.

Kowane abu a nan da aikinsa. Rumman, saboda yawan 'ya'yansa, alamar haihuwa ne, kuma Eleonora ta haifi 'ya'ya 11. Yaron da ke gefenta shaida ce cewa gidan Medici, wanda asalinsa 'yan kasuwa ne masu banki kuma bai daɗe da samun sarauta ba, ya samu magada. Yadin kuwa talla ce ga masaƙan siliki na Florence.

A lokacin ba kowa ke da izinin sa abin da kuɗinsa ya iya saya ba. A Ingila, dokar tufafi ta 1574 ta keɓe yadin zinariya da wani gashin dabba mai tsada ga matan manyan masu sarauta na sahun gaba. Matar attajiri, kome dukiyar mijinta, in ta sa ta yi laifi. Saboda haka mutumin wancan zamani yana kallon hoto ya san matsayin mai shi kafin ya tambayi sunanta.

Fentin ma kansa dukiya ne. Shuɗin da ya fi kowane daraja daga wani dutse ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afganistan, akwai lokutan da ya fi zinariya tsada, har a takardar kwangila ake rubuta yawan da za a sa. Ja mai ƙarfi, bayan Sifaniyawa sun ci Meziko a 1521, daga wasu ƙananan ƙwari da ake busarwa ake samunsa. Girman allo shi ma magana ne: a Landan ta wajajen 1780, shahararren mai zane Joshua Reynolds yana karɓar ninki huɗu na kuɗin zanen kai da kafaɗa idan za a zana mutum daga kai har ƙafa.

To duk wannan dukiya da ke jikinta, tata ce?

Nan ne gizo ke saƙar. Sau da yawa ba tata ba ce, kuma mulkin da hoton ke nunawa ma ba nata ba ne.

A Florence ta ƙarni na 15, hoton mace yawanci daga gefe ake zana shi, tana kallon bango, ba ta haɗa ido da kowa. Akwai na Giovanna degli Albizzi, matar Lorenzo Tornabuoni, wanda Ghirlandaio ya zana, yanzu yana Madrid. A kafaɗar rigarta an saƙa harafin L, farkon sunan mijinta, sauran yadin kuma cike yake da tambarin gidan surukanta. Ta rasu a 1488 tana da juna biyu, ba ta wuce shekara 20 ba, kuma bayan rasuwarta aka yi zanen. Battista Sforza, matar sarkin Urbino, ita ma ta rasu a 1472 tana da shekara 26, 'yan watanni bayan ta haifi ɗa namijin da aka daɗe ana jira. Piero della Francesca ya zana ta tana fuskantar mijinta, bayansu ƙasar da yake mulka ta miƙe har iyakar gani.

Hatta sanannen zanen nan na Leonardo da Vinci da ke Krakow ta ƙasar Folan, na wata matashiya rungume da farar dabba mai siffar tunku, haka yake. Sunanta Cecilia Gallerani, farkar Ludovico Sforza mai mulkin Milan ce, tana da kimanin shekara 16. Dabbar da ke hannunta ɗaya ce daga tambarin Ludovico. Wanda ya san fada, yana gani ya gane ta waye.

Don haka tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: wa ya biya mai zanen, kuma a ɗakin wa aka rataye hoton? Amsar ita ke raba macen da aka jera wa kaya don a ga arzikin gidan miji da macen da ta ɗauki mai zane aiki don ta faɗi magana da bakinta.

Wace ce ta fi kowa iya sarrafa hotonta?

A ganina babu kamar Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603. Matsalarta a fili take. Mace ce a zamanin da ake ganin mulkin mace abin kunya ne, mahaifinta Henry na Takwas ya sa an fille kan mahaifiyarta, an taɓa shelanta ta a matsayin shegiya, ba ta yi aure ba, ba ta da magaji. Duk abin da Eleonora ta nuna, miji da ɗa, ita ba ta da shi. Sai aka juya rashin ya zama abin taƙama.

A 1579, daidai lokacin da ake maganar aurenta da wani yariman Faransa, aka zana ta riƙe da rariya. Wannan daga labarin Rumawa aka ɗauko shi, na wata budurwa mai hidimar gidan bauta da aka yi wa ƙazafi, ta ɗebo ruwan kogi a rariya bai zube ba don ta wanke kanta. Lu'ulu'un da ke cika hotunanta ma alamar budurci ne. Saƙon shi ne ƙasarta ta aura, ba ta buƙatar wani.

Bayan rundunar jiragen ruwan Sifaniya ta sha kashi a 1588, aka yi zanen da ya fi kowanne suna. Tana zaune, hannun rigarta ya kumbura kamar an hura, igiyoyin lu'ulu'u sun sauko har ƙugu. Bayanta tagogi biyu ne: a ɗaya ana ganin jiragen a ruwa mai natsuwa, a ɗayan guguwa tana farfasa na Sifaniya a kan duwatsu. Ta ba wa duka biyun baya, kamar abin bai isa ta waiwaya ba. Kambi na gefenta a kan tebur. Hannunta na dama kuwa yana kan ƙwallon taswirar duniya, yatsunta a kan nahiyar Amurka, inda Sifaniya ke kwasar azurfa, Ingila kuma a lokacin ba ta da wani abin kirki a can. Buri ne aka zana kamar an riga an cim masa. Guda uku na wannan zane sun rage, kuma a 2016 gidan tarihin Greenwich ya sayi ɗaya a kan fam miliyan 10 da ɗoriya.

Wajajen 1592 wani bafade, Henry Lee, ya sa Marcus Gheeraerts ya zana ta tsaye a kan taswirar Ingila, ƙafafunta a kan yankin Oxford inda gidansa yake, rana a gefe ɗaya, hadari da walƙiya a ɗayan. Sannan ga na wajajen 1600, wanda take riƙe da bakan gizo a hannu, da rubutun Latin da ke cewa babu bakan gizo sai da rana, wato ita ce ranar. A hannun rigarta an yi maciji da duwatsu masu daraja, alamar hikima. Mayafinta kuwa cike yake da idanu da kunnuwa. Masana sun yi ta muhawara kan ma'anarsu, amma sarauniyar da ke da 'yan leƙen asiri a ko'ina, bafaden da ya tsaya gaban hoton ba ya buƙatar tafinta.

Gwamnatinta ba ta bar abin sakaka ba. Tun 1563 aka rubuta daftarin sanarwar hana kowa zana ta sai an fitar da samfurin da aka amince da shi, kuma a 1596 majalisar mashawartanta ta ba da umarnin a nemo hotunanta da ba su dace ba a lalata su.

Fuskokin nan na gaskiya ne kuwa?

Ka rage musu kaso mai yawa. Lokacin da aka yi zanen bakan gizo Elizabeth ta kusa shekara 70, amma fuskar ta 'yar shekara 20 da wani abu ce. A shekarunta na ƙarshe masu zane ba sa ma zama da ita. Akwai samfurin fuska da ake kwafa, a canja riga da kayan ado kawai. Dalilin siyasa ne tsantsa: tsohuwar sarauniya marar magaji, kowane tamoji a fuskarta tuni ne cewa rikicin gado na tafe. Ta kuma yi fama da agana a 1562, kuma farar hodar da matan fada ke shafawa a zamanin da dalma ake haɗa ta, wadda ke cin fata a hankali.

Isabella d'Este ta Mantua ba ta ɓoye nata ba. Tana da shekara 60 ta sa Titian ya zana ta, ta ba shi wani tsohon hotonta ya kwafa, ya fito da ita matashiya sharaf. Da ta gani sai ta rubuta cewa tana shakkar ko a wancan shekarun ma ta kai haka kyau. Ta karɓa dai.

Wani abin sha'awa shi ne ƙin inuwa. Nicholas Hilliard ya ba da labarin cewa Elizabeth ta zaɓi ya zana ta a fili cikin lambu, inda babu bishiyar da za ta yi mata inuwa a fuska. Bayan shekara 300, a Beijing, Ba'amurkiya Katharine Carl ta ci karo da irin wannan a 1903, lokacin da take zana Cixi, uwar sarki da ke juya ƙasar Sin. Fada ba ta yarda da inuwa ko tamoji a fuskar ba, alhali matar ta kusa 70. An kai hoton baje kolin duniya na St. Louis a Amurka a 1904, don a gyara sunanta a idon Turawa bayan tarzomar korar baƙi da aka yi a Sin a 1900.

Me ya sa ba sa murmushi?

Zaman zane na ɗaukar awanni, wani lokaci kwanaki, babu mai iya riƙe murmushi haka. Haƙoran manya ma sukari ya gama da su, wani matafiyi Bajamushe da ya ga Elizabeth a 1598 ya rubuta cewa nata baƙaƙe ne. Babban dalilin dai shi ne, a zanen Turai na lokacin, mashaya da wawaye da talakawa ake nunawa da baki buɗe. Da mai zane Élisabeth Vigée Le Brun ta nuna hoton kanta a Faris a 1787 haƙoranta a waje kaɗan, sai da aka yi ta surutu.

Da gaske ana ƙulla aure da hoto?

Ƙwarai kuwa. Bayan rasuwar matarsa ta uku, Henry na Takwas ya tura Hans Holbein ya zagaya Turai yana zano masa 'ya'yan sarakuna. A Maris 1538, a Brussels, Christina ta Denmak ta ba shi awa 3 kacal. Shekarunta 16, mijinta sarkin Milan ya rasu, tana cikin baƙaƙen kayan takaba, babu sarƙa babu kambi, safar hannu kawai ta riƙe. Duk da haka yana cikin hotunan da suka fi kwarjini, saboda tsayuwarta da yadda ta kafe mai kallo da ido. Auren bai yiwu ba, amma Henry ya riƙe hoton har ya mutu.

A 1539 Holbein ya zano Anne ta Cleves. Sarki ya amince, aka ɗaura aure a Janairun 1540, kafin ƙarshen Yuli an warware shi, domin ya ce ba ta kwanta masa ba. Thomas Cromwell, wazirin da ya haɗa auren, an fille masa kai a watan. Mai zanen ya ci gaba da aikinsa a fada.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na Margarita, 'yar sarkin Sifaniya. An yi mata baiko da kawunta Leopold na Ostiriya tun tana ƙarama, sai Velázquez ya riƙa zana ta ana aikawa Vienna don a ga yadda take girma: tana da shekara 2 ko 3, tana da 5, tana da 8. A na ƙarshen, na 1659, tana cikin shuɗiyar riga da aka ɗora kan firam mai faɗi har hannuwanta ba sa iya sauka, sai dai su kwanta a kai. An kai ta a 1666, ta rasu a 1673 tana da shekara 21.

Su wane ne yaran nan baƙaƙe da ake gani a gefen wasu matan?

Yawancinsu bayi ne ko barori da aka kwaso daga Afirka, kuma an sa su a hoton ne kamar yadda aka sa lu'ulu'u da labulen karammiski. A zanen da Anthony van Dyck ya yi wa Elena Grimaldi ta Genoa a 1623, wani yaro baƙi na biye da ita riƙe da jar laima a kanta, an kuma zana ta daga ƙasa don ta yi tsawo fiye da kima. A 1682 Pierre Mignard ya zana Louise de Kérouaille, farkar Sarki Charles na Biyu na Ingila, da wata ƙaramar yarinya baƙa tana miƙa mata murjani da ƙoƙon teku cike da lu'ulu'u, tana kallon uwargijiyarta sama. Ana so a nuna dukiyar ƙetare, ana kuma so farin fatar matar ya ƙara fitowa.

Sunayen matan suna rubuce a jikin bango. Na yaran, a mafi yawan lokuta, babu wanda ya ga dalilin rubutawa. Lu'ulu'un kansa yana da irin wannan tarihi, domin mai yawa daga wanda ya cika Turai a ƙarni na 16 daga gaɓar Benezuwela ya fito, inda ake tilasta wa 'yan asalin wurin, daga baya kuma bayin Afirka, nutso su ɗebo shi.

Akwai matan da suka yi amfani da zane don su kare haƙƙinsu da kansu?

Akwai, kuma nasu ya bambanta da na sauran da zarar ka gani. Anne Clifford, 'yar wani babban mai sarauta a arewacin Ingila, mahaifinta ya rasu a 1605 ya bar wa ƙaninsa filayen gidan, ya tsallake ta. Ta yi shekara 38 tana neman gadonta. Mijinta na farko ya matsa mata ta haƙura, Sarki James ma da kansa ya matsa, ta ƙi. Sai a 1643, da ɗan baffanta ya rasu ba ɗa namiji, filayen suka dawo hannunta. A 1646 ta sa aka yi mata wani ƙaton zane mai ɓangare uku. A hagu ita ce tana da shekara 15, shekarar da aka hana ta gado, kewaye da littattafai. A tsakiya iyayenta ne da 'yan'uwanta maza biyu da suka rasu suna yara, gefe-gefe kuma tambarin kakanni da bayanin salsala. A dama ita ce tana da 56, cikin baƙaƙen kaya, hannunta a kan littafi. Mazajenta biyu fa? An mai da su 'yan ƙananan hotuna rataye a bango bayanta. Takardar shari'a ce aka yi da fenti.

Catherine ta Biyu ta Rasha ta fi haka zafi. Bajamushiya ce, ba ta da ɗigon jinin gidan sarautar Rasha, ta hamɓarar da mijinta a 1762. Vigilius Eriksen ya zana ta a kan farin doki, ta hau irin hawan maza, cikin kakin dakarun fada, takobi a zare. Tana tuna wa kowa cewa sojoji na bayanta.

Marie de' Medici ta Faransa kuwa ta sa Rubens ya yi mata manyan zanuka 24 tsakanin 1622 da 1625, suna ba da labarin rayuwarta, allolin Girkawa na yi mata hidima. Wannan bayan ɗanta Sarki Louis na 13 ya taɓa korarta daga fada ne. Zanukan suna gidan tarihin Louvre a Faris har yau. Ita kuwa ta sake barin ƙasar a 1631, ta rasu a Cologne a 1642 cikin talauci.

Hoto ya taɓa jawo wa mai shi bala'i?

Marie Antoinette, matar sarkin Faransa, ita ce misali. A 1783 aka kafa hotonta a babban baje kolin zane na Faris, tana sanye da farar rigar auduga marar nauyi da hular kaba. Jama'a suka ce sarauniya ta fito da kayan barci. Ga kuma haushin cewa ta guje wa silikin Lyon da dubban masaƙa ke ci da shi. Dole aka sauke hoton, Vigée Le Brun da ta zana shi ta yi sauri ta sake wani, tsayuwa iri ɗaya, fure a hannu iri ɗaya, amma cikin siliki da leshi.

A 1787 aka nemi gyara. Aka zana ta cikin jan karammiski, 'ya'yanta uku kewaye da ita, babban ɗan yana nuna gadon jariri da babu kowa a ciki, domin ƙaramar 'yarta ta rasu a shekarar. Wuyanta babu sarƙa, saboda abin kunyar 1785 da aka shafa mata, na wata sarƙar daimon da 'yan damfara suka karɓa da sunanta, bai bar bakin mutane ba. An makara. A Oktoban 1793 aka fille mata kai.

Ƙasashen Musulmi fa, su ma suna da irin wannan?

Kaɗan ne, saboda matsayin malamai kan zana mai rai da kuma kulle. Fadar Mughal ta Indiya tana da masu zane da yawa, amma namiji bare ba ya ganin matan sarki, don haka yawancin hotunansu ƙiyasi ne. Wanda ya yi fice shi ne na Nur Jahan, wadda ta auri Sarki Jahangir a 1611, wanda ake danganta wa Abul Hasan: tana tsaye da rawani da wando, tana ɗura doguwar bindiga. Yana ɗakin karatu na Raza a Rampur. An san ta da farautar damisa, kuma an buga kuɗi da sunanta.

Kuɗin nan ya fi zanen nauyi. A duniyar Musulmi alamar mulki ita ce a buga sunanka a tsabar kuɗi, a kuma ambace ka a huɗubar Juma'a, kuma Shajaratud Durr ta Masar ta samu duka biyun a 1250. Wata hanyar ita ce gini da waƙafi. Hotunan Hurrem, matar Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya, da ke yawo a intanet, Turawan da ba su taɓa ganinta ba ne suka zana. Abin da ta bari da gaske shi ne masallaci da makaranta da asibiti a Istanbul, da gidan ciyar da mabuƙata a Ƙudus. Alhazai kuma har yau sun san sunan Zubaida, matar Haruna Rashid, saboda ruwan da ta jawo wa Makka.

A nan Afirka ta Yamma akwai wani abu makamancin haka?

Akwai, kuma ba ya jin kunyar tsayawa kusa da kowanne a cikin waɗanda aka ambata. A masarautar Benin, farkon ƙarni na 16, Oba Esigie ya ƙirƙiro wa mahaifiyarsa Idia sarautar Iyoba, wato uwar sarki, da fadarta a Uselu, saboda rawar da ta taka wajen hawansa da kuma yaƙin da aka yi da Igala. An sassaƙa fuskarta a hauren giwa, 'yar ƙarama da Oba ke ratayawa a ƙugu lokacin bukukuwa. Dubi ta kusa: idanu a lumshe kaɗan, tsage biyu a goshi da aka cusa wa ƙarfe, wuya cike da murjani wanda sai da izinin Oba ake sawa. A saman kanta an jera kawunan Turawan Fotugal masu gemu, a wata kuma an cakuɗa su da kifin taɓo. Dukiyar teku da baƙin da suka zo da ita, duk an mai da su kayan kitsonta.

Sojojin Birtaniya sun kwashe waɗannan a harin 1897. Ɗaya tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, wata a New York. Ita ce tambarin bikin FESTAC na 1977 a Legas, kuma da aka nemi aron ta Landan ba a bayar ba, sai sabuwa aka sassaƙa.

Game da Sarauniya Amina ta Zazzau, duk hoton da ka gani nata, a littafin makaranta ko a intanet, da doki da takobi, aikin masu zanen zamanin nan ne. Ƙasar Hausa ta ajiye manyanta a kirari da waƙa da ganuwa. "Amina 'yar Bakwa ta san rana" yana yin aikin da zanen tagogi biyu ya yi wa Elizabeth: ya zaɓi abin da ake so a tuna, ya bar sauran.

Kayan da ake gani a hotunan, da gaske an taɓa sa su?

Wasu e, wasu a'a. Fadar Elizabeth na da rajistar tufafi da kayan ado, kuma masana sun gano wasu kayan da ke hotuna a cikinta. Amma masu zane kan ari yadi, su ƙara duwatsu, ko su ɗora riga a kan gunkin katako su zana ba tare da mai ita ba. An daɗe ana cewa da rigar rumman ɗin nan aka binne Eleonora, wadda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a 1562. An buɗe kabarinta a 1857, daga baya kuma da aka binciki kayan da kyau sai aka ga wata riga ce daban, ta satin, wadda ba ta kai waccan ado ba. An gyara ta, tana fadar Pitti a Florence, gidan da Eleonora ta saya da kuɗinta a 1549. Hoton kuma yana gidan tarihin Uffizi, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa idan ka ƙetare kogin Arno.